Baƙin Mai a Buzun Surukina

Saura ƙiris in bar wannan labari a cikina. Na sha ba mutane labarin yadda jirgin ruwa ya juya min ciki a hanyar Gabon, da yadda wata mai abinci a Lome ta ciyar da ni naman da har yau ban tambayi sunansa ba. Waɗannan ina bayarwa ina dariya, don a can aka yi su, inda babu wanda ya san ubana. Wannan kuwa a gida aka yi shi, a Chikaji, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka gani da idonsu yana nan da ransa a Samaru, yana jiran in ƙara gishiri ya gyara min. Tunda ko na yi shiru shi ba zai yi ba, gara ku ji daga bakina.

Mutumin da nake faɗa maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Malamin lissafi ne a wata sakandare, mutumin kudancin Kaduna, dattijo a cocinsu. Kowa Ticha yake ce masa, har matarsa. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai irin ta mutanensu ce, wadda ba ruwanta da mace da namiji. A wajensa mota namiji ce, ƙafa namiji, rana ma namiji. Na yi shekaru ina gyara masa Hausa, shi kuma yana gyara min lissafi, kuma har yau babu wanda ya ƙaru a cikinmu.

Tun da na san shi a kan wani tsohon babur yake, matarsa a baya ta zauna a karkace ta riƙe ɗankwali. Wani ɗan acaɓa ya taɓa kwashe shi a Kwangila, daga nan gwiwarsa ta dama ta daina lanƙwasuwa sosai. In yana tuƙi sai ya miƙe ƙafar gefe, kamar kullum yana shirin shan kwana.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa, lokacin da mutum ke rataya ta a ƙugu don a gani, Ticha ya yi ritaya aka ba shi haƙƙinsa. Ni kuma ban daɗe da dawowa daga wata doguwar tafiya Njamena ba, ko zagayen gaida dangi ban yi ba. Da yamma ina zaune a bencin ƙofar gida sai ga shi ya zo ya zauna, ya miƙe ƙafar nan tasa.

Ya ce, "Alhaji, na ga mota."

Na ce, "Ticha, bakin titi muke. Kowa ma yana ganin mota."

"A'a. Na ga nawa."

Ya shiga kwatanta min ita da hannu biyu. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, gajeriya kamar an ɗora mata hannu an danne. In an kunna fitila sai idanunta su ɗago daga cikin bonet kamar na kwaɗo. Irin ta 'yan tsere. Wani dillali ne ya kai shi ya gan ta a Chikaji, tun ranar kuma barcinsa ya ragu.

Na ce, "Kai da gwiwar nan? In ka shiga wa zai fito da kai?"

Ya ce, "Madam zai ja ni."

"Kujera biyu fa ka ce. Ina za ka sa jikoki? Ina za ka sa buhun masara?"

Ya matso ya rage murya. "Shi ne daɗin abin. Ka san ranar Lahadi in an tashi coci, duk mai mota sai ya zama direban unguwa. Ni kuwa sai in nuna masu, ga kujera na, ga na Madam, ku yi haƙuri." Ya yi dariya har da tari. Da ya gama sai ya ce, a hankali, "Tun da na aure shi a bayan mashin yake zama. Ruwa ya duke shi, rana ya duke shi. Ina so sau ɗaya a gan shi a gefe na."

Daga nan ban ƙara tsokanarsa ba. Na kuma gane cewa abin da aka ba shi na ritaya shi zai juye gaba ɗaya a motar nan. In ta zama matacciya, babu na biyu.

Abin da ya kawo shi wajena kuwa, bakina ne ya jawo min. A cikin sana'o'in da na taɓa, na yi 'yan shekaru ina ɗauko wa mutane motoci daga Kwatano. Na san abin, ba zan yi ƙaryar tawali'u ba. Amma na fi sanin ba da labarinsa. Duk majalisar unguwarmu babu wanda bai ji yadda nake gane motar da ta sha wahala daga jin ƙarar ƙofarta ba.

Ya ce, "Ni gwiwa ba ya lanƙwasuwa, ido kuma sai da gilashi. Kai za ka leƙa min ƙarƙashinsa. Abin da ka ce, shi ke nan."

Na ce, "Ka ɗauki bakanike mana."

"Bakanike yana da rabonsa a wurin dillali. Kai ba ka da rabo a wurin kowa."

Na ji daɗin maganar nan. Har na gyara zaman hula.

Washegari da safe ya goya ni a babur. Damina ce, an yi ruwa da asuba, titi duk tabkuna. Tun daga Samaru har muka gangara Sabon Gari ina bayansa ina yi masa karatu a kunne. Na ce irin waɗannan motocin na gudu, ba fenti ake saye ba, inji ake saye, kuma abin da ke kashe injinsu yoyon baƙin mai ne. Na ce shi ya sa muka yi sammako, don mota da safe ake dubanta kafin a tayar da ita, kuma a inda ta kwana. Ƙasar da ta kwana a kai ba ta iya ƙarya. Na ce in ka ga inji an wanke shi fes kamar kwanon amarya, kada ka yi murna, ka tambayi kanka me aka wanke. Na ce yoyo iri-iri ne. In daga murfin sama yake tsatsafowa, ƙaramin abu ne, kafin shayinka ya huce an canza maka gasket, wato robar bakin murfin, a Sabon Gari. Amma in daga ƙasa ne, can inda inji ya haɗu da giyabos, to ka yi wa motar sallama. Sai an sauke inji ɗungurungum, kuma robar da ke wurin, ta irin wannan mota, ko ka kwance kasuwar Fanteka ta Kaduna ba lalle ka same ta ba.

Duk abin da na faɗa sai ya ce, "To, Farfesa." Da muka faɗa wani rami ya ce, "Yi haƙuri Farfesa, ci gaba."

Wurin wani tsohon sito ne na gyaɗa a bayan masu walda, da fili a gaba da rumfar kwano a gefe. Dillalin yana jiranmu, wani siririn mutum mai takalmi sau-ciki yana ƙyalli, Hausa a wajena, Turancin Buroka a wajen Ticha. Ya yaye tamfol.

Gaskiya ni ma da na gan ta sai da na haɗiyi yawu. Ticha kuwa ya tsaya ya haɗa hannu a ƙirji kamar za a fara waƙar coci.

Na sa aka buɗe bonet. Inji fes, yana ƙamshin kananzir da sabulu. Na dubi Ticha na ɗaga masa gira, ya gyaɗa kai irin na ɗalibin da ya riƙe darasi. Na zaro ƙarfen awon mai na goge na mayar na sake zarowa. A cike yake, man kuma sabo gar, kamar zuma. Wannan ma bai kwanta min ba.

Na ce wa dillali, "Nan ta kwana?"

Ya ce, "Kullum nan take kwana, Alhaji. Ko motsi ba ta yi."

Amma ga sawun taya nan a ƙasa ya nuna an ɗan tura ta gaba, kuma duk ƙarƙashin rumfar an watsa sabon yashi, har ya fito gefen motar. Wa ke shimfiɗa wa mota yashi kamar za a yi biki? Na cire hula na miƙa wa Ticha, na tattare riga, na ce a kawo min kwali in kwanta. Ina jin kaina sosai a lokacin nan. Har na shirya kalmomin da zan kunyata dillalin da su.

Sai na ji ƙarar sanda a bakin ƙofa, da wata murya ta yi sallama.

Muryar nan ko a cikin barci na ji ta sai na tashi zaune. Baffan matata ne, yayan mahaifinta. Mahaifin nata ya rasu tana ƙarama, shi ya riƙe ta a gidansa na Jushi, shi ya ba ni aurenta. Tun daga ranar ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya ba. In na hango shi a kasuwar Sabon Gari sai in faɗa layin masu tukwane in tsaya ina taya abin da ba zan saya ba. Na fi sanin ƙafafunsa a kan fuskarsa. Ni da na yi musu da 'yan kwastan na ƙasashe da Faransancin da ban iya ba, ni da furfura ta fara fito min, a gaban tsohon nan yaro ne ni da aka aika sayen gishiri.

Ban san lokacin da na fizge takalmana ba. Na zube nan inda nake, a gefen motar, na tsuguna na sunkuyar da kai.

"Baba, ina kwana."

"A'a! Wa nake gani? Lafiya lau. Yaushe a gari?"

"Kwanan nan, Baba. Ina shirin zuwa."

"Madalla. Ya mutanen gidan? Ya yaran?"

"Suna gaishe ku, Baba."

Yanzu ga abin. Wanda duk ya fara gaisuwar suruki bai san ya samar da hanyar duba ƙarƙashin mota da ta fi kowace ba. Kana tsugune, kanka a ƙasa, idonka ba shi da wurin zuwa sai gefe. Motar tana dab da kafaɗata. Baffa yana tambayar hanya da ruwan sama, ina amsawa, idona kuma yana can ƙarƙashinta. Daidai wurin da na gama yi wa Ticha karatu a kai, mahaɗar inji da giyabos, sai ga wani ɗigo baƙi ya taru. Ya kumbura, ya yi nauyi, ya faɗo cikin yashi. Kafin Baffa ya gama tambayar lafiyar autarmu wani ya fara taruwa. Injin da ko tayar da shi ba a yi ba ke nan. Na ji sanyi da danshi a tafin ƙafata, na ɗauka ruwan asuba ne ya jiƙa yashin, ban ko kula ba.

Baffa ya gaisa da Ticha, ya tambayi gwiwarsa, don ya ga yadda yake tsaye. Sannan ya ba mu labarin motar. Ta autansa ce. Yaron ya saye ta ya shiga yawo da 'yan jami'a a Samaru yana tayar wa mutane da hankali, shi kuwa ya karɓe makulli ya tura shi Kano wajen yayansa ya koyi zaman shago. Ya kawo ta nan tsohon sitonsa ya ba dillali.

Ya ce, "Ni abin da na sani a mota, ƙofar shiga da ƙofar fita. Amma yaron ya rantse min lafiyarta ƙalau." Ya juya wajen Ticha. "Malam, ashe kai ma mai sa'a ne. Ka kawo wanda ba zai cuce ka ba, ba zai cuce ni ba. Ɗana ne wannan."

Ticha ya ce, "Baba, ai shi ya sa na ɗauko shi."

Sai sandar ta matso kusa da yatsun ƙafata. Baffa ya ce, "To ka duba ta? Akwai wani abu?"

Ina so ku tsaya a wurin nan tare da ni kaɗan, ba don in wanke kaina ba. In na ce akwai, na ce ɗansa ya rantse a kan ƙarya. Na ce shi dattijon Jushi, wanda ake kai wa rabon gado da sulhun ma'aurata, ya fito da kaya mai aibi kasuwa. Kuma in faɗi haka a gaban baƙo, a gaban dillali, ina tsugune ba hula ba takalmi. In kuwa na ce babu, ga Ticha tsaye a kaina riƙe da hulata. Na buɗe baki, wallahi da niyyar in ce wani abu mai kama da gaskiya. Abin da ya fito shi ne:

"Ba laifi, Baba."

Ku da kuke Hausawa kun san wannan kalma. Ita muke faɗa in an tambaye mu miyar da ba gishiri. Ita muke faɗa wa tela in ya ɗinka wuyan riga a karkace kuma ɗan unguwa ne. Ba e ba ce, ba a'a ba ce, wuri ne da mutum ke laɓewa. Na sa rai Ticha, wanda ya tsufa a cikinmu, zai ji ramin da ke cikinta. Har na ƙara da ɗan tari. Amma lokacin dillali ya kunna masa fitilu, idanun kwaɗon nan suka ɗago, hankalin Ticha ya tafi. Kuma malamin lissafi ne. A wajensa ba laifi na nufin an ƙirga laifi an samu sifiri.

Ya ce, "Alhamdu lillahi!" Shi da yake Kirista ya riga kowa faɗa.

Na ce a raina ba komai, in mun fita zan ja shi gefe. Sai na ga yana shafa aljihun kwat ɗinsa. Ashe da shirinsa ya zo. Baffa kuwa mutum ne da in ya ce ya sallama, an gama, ko ɗansa bai isa ya dawo da magana baya ba, balle suruki.

Baffa ya ce mu je mu zauna. A gaban siton akwai baranda ta siminti inda ake ajiye sikeli a da, an share ta tas. Dillali ya karɓi buzun Baffa ya shimfiɗa masa. Farin buzu ne sol, na wani ragon layya, duk inda za shi yana hammatarsa, a kansa yake salla a kansa yake lazimi. Aka kawo wa Ticha kujera saboda gwiwa. Ni kuwa ba a mayar da takalmi a gaban suruki, don haka na biyo su a baya ƙafa ba komai, na rakuɓe can bakin baranda.

Cinikin bai yi tsawo ba. Ticha ya taya, Baffa ya ce albarka, Ticha ya ƙara, dillali yana tsalle tsakaninsu da harshe biyu. Ni ina tsugune ina lissafin yadda zan yi. In yi kamar cikina ya murɗa? In faɗi sumamme? Na yi tunanin wannan da gaske. Abin da ya hana ni, na san Baffa zai tofa min addu'a ya ci gaba da ciniki.

Da magana ta kusa ƙulluwa sai Baffa ya zaro goro daga aljihu, fari babba, ya ɓara. Ya miƙa wa Ticha ɓari. Ya miƙo ɗayan wajena.

"Matso, karɓi. Kai ne shaida."

Na taso a duƙe na matsa, hannu biyu a gaba. Bai miƙo hannun da nisa ba, tsufa, sai da na ɗora ƙafa ɗaya a kan buzun kafin na kai. Na karɓa, na yi godiya, na ja da baya na koma wurina.

Sai na ji wurin ya yi tsit. Dillalin da bakinsa bai huta ba tun safe ya yi shiru.

Ticha ya gyara gilashi ya ce, "Alhaji, kai ma kana yoyo ne?"

Na ɗago. A tsakiyar farin buzun nan ga ƙafata kwance baƙa ƙirin, dunduniya da yatsu biyar, har da tabon da kwalba ta yi min ina yaro. Ko a ofishin 'yan sanda ba a ɗaukar sawu mai kyan wannan. Na waiwaya. A kan simintin ga su nan a jere, dama da hagu, tun daga inda na tsuguna gefen mota har inda nake. Ashe wurin da na zube na gaida Baffa, nan ne motar take kwana kafin a tura ta. A cikin tabkin man na yi gaisuwata, yashi ne kawai a sama.

Dillali ya ce, "Taɓo ne, Baba. Ruwan da aka yi ne."

Baffa bai kula shi ba. Ya sa yatsa ya dangwali sawun, ya murza, ya kai hanci. Ya ce, "Taɓon Chikaji ya fara warin gareji ke nan."

Ya dafa sanda ya miƙe. Ya bi sawuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai bin sawun ɓarawon akuya, mu kuma muna biye. Da ya kai gefen motar ya sa bakin sanda ya tone yashin. Ƙasan baƙi ƙirin, yana naso.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya ce da ni, "Zo ka koma inda ka tsuguna ɗazu."

Na koma na tsuguna.

"Me kake gani?"

Haka na yi karatun nan gaba ɗaya a karo na biyu, wanda na yi a kan babur da murya kamar mai wa'azin kasuwa, yanzu kuwa da ƙyar ake ji na. Na ce mai yana zuba daga mahaɗar inji da giyabos. Na ce sai an sauke inji. Na ce kayan gyaran da wuya a samu. Na ce an wanke injin, an cika sabon mai, an tura ta gaba.

"Tun ɗazu ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Kafin in tambaye ka, ko bayan na tambaye ka?"

"Kafin, Baba."

Ina kallon yatsun ƙafarsa suna motsi a cikin takalmi. Can ya ce, "Wato kunyata ka ji. Ka ji kunyar ka faɗa min magana, amma ba ka ji kunyar ka zauna kana kallo in ci haƙƙin bawan Allah nan da tsufana ba. Har na ba ka goron shaida ka karɓa."

Goron yana hannuna, ya jiƙe da gumi.

Abin da ya fi ƙona ni bai zo ba tukuna. Baffa ya juya wajen Ticha, tsohon da mutane ke tsugunawa su gaishe shi tun daga bakin layi, ya ɗan rusuna ya ce, "Malam, ka yafe mana. Ni da yaron nan mun so mu zalunce ka." Ya sa kansa a ciki. Shi da bai san komai ba ya raba laifin biyu ya ɗauki rabi, don kada in tsaya ni kaɗai a gaban baƙo.

Ticha ya rikice. "Haba Baba, haba Baba, ba komai, don Allah." Yana ta juya hulata a hannu.

Baffa ya ce motar ba ta sayarwa ba ce sai an gyara, ko kuma a faɗa wa mai saye abin da ke jikinta tun daga bakin ƙofa. Ya waiwaya zai yi wa dillali magana, sai aka tarar dillali ya tuna yana da wani uzuri a tasha. Na ce a ba ni buzun in kai a wanke. Baffa ya naɗe abinsa ya sa a hammata ya ce in bar shi. Na ɗebi ruwa a buta na koma gefe ina wanke ƙafa, baƙin mai kuwa ba ya jin ruwa, sai ƙara yaɗuwa yake. Na dirza da yashi har fatar ta yi ja. Ina cikin haka na hango Ticha ya koma wajen motar shi kaɗai. Ya shafa rufinta sau ɗaya, ya leƙa kujerar gefen direba, ya ja tamfol ya rufe ta da kansa.

Sai da muka fita ƙofa na sa takalmi. Ticha ya miƙo min hulata. Na hau bayan babur, wurin zaman Madam.

Daga Chikaji har Kwangila babu wanda ya yi magana. Farfesa ya yi ritaya shi ma. Ina ta jiran ya zage ni in samu sauƙi, bai yi ba. Sai da muka shigo Samaru, kusa da kasuwa, ya tsaya wajen wata mai gasa masara. Ya sayi biyu ya ba ni ɗaya. Muka tsaya a gefen titi muna ci, 'yan makaranta suna wucewa da littattafai a ka saboda yayyafi.

Ya ce, "Amma ƙafan ka yana da kyau a hoto."

Na ce, "Ticha, ka bari."

"A'a, da gaske. Duk yatsun sun fito. Ni da na ɗauko ka don ido, ashe ƙafa ne gwanin."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na shiga yi masa bayani. Na ce ka san al'adarmu, ka san suruki, ka san mutumin nan shi ya ba ni mata. Na ce wallahi niyyata in mun fito in ja ka gefe. Na ce ai har tari na yi maka.

Ya ce, "Na ji tarin. Na ɗauka sanyin damina ne." Ya ɗan gaigayi masararsa. "Mu ma muna da surukai, Alhaji. Ni ma baban Madam ban taɓa zama a kujera a gabansa ba har ya mutu. Na gane wannan."

Na ji sanyi a raina, na ɗauka an wuce wurin. Ya gama cin masarar, ya jefa totuwar a kwata, ya goge hannu da hankici. Ya cire gilashin yana gogewa, bai dube ni ba. Tsokanar duk ta fita daga muryarsa.

Ya ce, "Abu ɗaya kawai nake so in sani, don in san yadda zan gaya wa Madam. Da a ce da takalmi ka gaishe shi, da ka bar ni na saya?"